ZAƁEN INJIN NOMA DON GONAR GANGARE

Jawabi ga manoman Gandi, Rabah, Wurno da Goronyo

Ya kai manomi, wannan takarda taka ce in kana tunanin sayen injin noma, ko kuna shirin haɗa kuɗi da 'yan'uwa ku saya, ko kuwa kana ɗauko hayar tarakta duk shekara. Ka karanta a hankali. In ba ka karatun boko, ka sa yaro ya karanta maka, ku tattauna da maƙwabtanka na gona.

A shekarun nan ƙananan injuna sun yawaita a kasuwa. Satar dabbobi ta raba mutane da yawa da shanunsu na huɗa a gabashin Jihar Sakkwato, kuɗin ƙwadago ya hau, man inji kuma ya yi tsada tun da aka janye tallafin fetur a 2023. Wanda ya sayi injin da bai dace da gonarsa ba, ya yi hasarar kuɗin amfanin shekara biyu ko uku. In kuwa gonar tana kan gangare, abin zai iya wuce hasarar kuɗi, ya kai ga karaya ko rasa rai. Saboda haka aka rubuta wannan jawabi.

1. FARA DA SANIN ƘASARKA

Gonakinmu iri uku ne, kowace da halinta.

Fadama. Ita ce ta bakin Gulbin Rima, daga madatsar ruwan Goronyo da aka gama ginawa a 1984 har zuwa Wurno, da ta bakin Gulbin Sakkwato wajen Gandi da Rabah, ƙasa da madatsar Bakolori ta 1978. Ƙasar shimfiɗe take, laka ce mai nauyi. In ta jiƙe inji ya kafe, in ta bushe ta yi tauri kamar dutse. Haɗarinta shi ne gaɓar gulbi da bakin hanyoyin ruwa da ramukan rijiyoyi.

Jigawa. Ƙasar gero da wake ke nan a kan tudu. Tana da sauƙin huɗa, amma taya tana nutsewa cikin rairayi, ƙura kuma tana cin inji.

Gangare. Wannan shi ne inda tudu ya sauko zuwa fadama, irin wanda kake gani a gefen Wurno. Akwai tsakuwa da marmara, akwai fako, akwai kwazazzaban da ruwan damina ya yanka. Nan ne inji ya fi kifewa, nan ne kuma ƙasa ta fi zaizayewa.

2. YADDA ZA KA AUNA GANGAREN GONARKA

Ido yana ruɗi. Wurin da ka saba hawa da ƙafa tun kana yaro, sai ka ga kamar ba shi da wani tudu. To, ka auna. Ba ka bukatar kayan Turawa.

Ka nemi miƙaƙƙiyar gora mai tsawon mita 2, da ma'aunin magina. In babu, kwalba mai ruwa da ɗan sararin iska a ciki ta isa. Ka aza kan gorar guda a ƙasa ta wajen tudu, ka ɗaga ɗaya kan ta wajen gangare. Ka kwantar da kwalbar a kan gorar, ka yi ta ɗagawa har iskar ta tsaya a tsakiya. Sannan wani ya auna daga kan gorar da ke sama zuwa ƙasa. Ka yi haka a wuri uku ko huɗu, ka riƙe awon da ya fi yawa.

(a) In bai kai santimita 4 ba, gonarka shimfiɗe take. Kowane inji zai yi aiki.

(b) Daga santimita 4 zuwa 10, gangare ne kaɗan. Kowane inji zai yi, amma dole kunya ta gitta gangaren.

(c) Daga santimita 10 zuwa 25, sai da lura. Taraktar hannu da shanu sun fi dacewa. Babbar tarakta sai da ƙwararren direba, a hankali.

(d) Daga santimita 25 zuwa 50, kada ka yarda injin da ake hawa ya yi huɗa a nan. Aikin shanu ne ko na galma.

(e) In ya wuce santimita 50, wato ya kusa digiri 15 ko ya zarce, kada inji ya je wurin ko kaɗan. Kamfanonin da ke ƙera ƙananan injunan hawa su kansu a nan suke sa iyaka. Ka bar wurin ga ciyawa da itatuwa.

3. INJUNAN DA ZA KA TARAR

Garmar shanu. Har yanzu ita ce uwar tafiya. Garmar Emcot da iyayenmu suka sani tana nan, maƙeranmu kuma suna ƙera irinta, suna gyara ta. Shanu biyu masu ƙoshi suna huɗe kimanin eka guda a yini. Raƙumi ma yana ja. Dabba tana jin inda ƙasa ta karkace, ta gyara tsayuwarta da kanta. Inji bai san wannan ba.

Taraktar hannu, wadda ake kira fawa-tila. Taya biyu gare ta, mutum yana bin ta a ƙasa yana riƙe da hannuwanta. Yawancinsu man gas suke sha, ƙarfinsu daga doki 8 zuwa 15. Akwai na Japan kamar Kubota da Yanmar, akwai na Indiya, akwai na ƙasar Sin, waɗanda su suka fi yawa, suka fi araha. Tana kaftu da wuƙaƙe masu juyawa, ana ɗaura mata garma, tana jan tirela, ana kuma sa mata bel ta juya famfon ban ruwa ko injin sussuka.

Babbar tarakta mai taya huɗu, irin su Massey Ferguson. Ta fi ƙarfin ƙaramin manomi shi kaɗai, haya ake ɗaukowa. Tana son fili mai faɗi. A cikin ƙananan fangalin albasa da tafarnuwa, ɓarnarta ta fi aikinta.

Akwai kuma wani ɗan inji mai kujera da sitiyari da ake shigowa da shi cikin kayan gwanjo, kamanninsa kamar ƙaramar tarakta. Na yankan ciyawar filin wasa ne da farfajiyar manyan gidaje. Cikinsa dab yake da ƙasa, giyarsa ba a yi ta don jan garma ba. In wani ya ce maka zai yi huɗa, ka riƙe kuɗinka.

4. ABIN DA ZA KA DUBA KAFIN KA BIYA

Sayen nagari mai da kuɗi gida. Fenti ba ya huɗa. Ga abubuwan dubawa, ɗaya bayan ɗaya.

Faɗin ƙafa da tsawo. Inji mai faɗi tsakanin tayoyinsa, mai nauyi a ƙasa-ƙasa, shi ya fi wuyar kifewa. Dogo siriri shi ya fi sauƙin faɗuwa, kamar yadda tulu ya fi akushi saurin tuntsurewa. Ka tambaya ko ana iya buɗa tayoyin a ƙara faɗi. Injuna da yawa ana yi musu haka.

Taya. Don tudu da gangare, tayar roba mai manyan haƙora. Don lakar shinkafa, tayar ƙarfe mai kama da keji. Ka tabbata an haɗa maka duka biyu cikin ciniki. Kada ka hau gangare mai tsakuwa da tayar ƙarfe, santsi take yi.

Giya. Ka nemi mai giyar tafiya a hankali sosai, da giyar baya. Yawan gudu ba shi da amfani a gona. Ka sa kowace giya ka ji ko tana shiga sosai. Giyar da ke fita da kanta, a kan gangare sai ta sake maka inji ya gudu da kai.

Kuloci da birki. Ka ja babban kuloci ka gani ko inji yana tsayawa nan take. In za ka ja tirela, dole ita tirelar ta kasance da birkinta na ƙafa. Yawancin taraktocin hannu ba su da birkin da zai tsai da kaya mai nauyi.

Sanyaya inji. Wasu suna da lagireto da fanka, wasu kuwa buɗaɗɗen tankin ruwa ne a kansu, yana tafasa kana ƙarawa. Mai buɗaɗɗen tanki ya fi sauƙin gyara, amma in ya karkace a gangare ruwan zafi yana fantsama. Da zafinmu na watan Afrilu da Mayu, wanda yakan wuce digiri 40, mai lagireto ya fi hutar da kai.

Matatar iska. Wannan ita ce ran inji a ƙasarmu. Ƙurar hunturu da rairayin jigawa in suka shiga ciki, sai su goge zoben fistin kamar an sa sabulun dutse. Ka nemi matata mai ɗan kaskon mai a ƙasanta, wadda ake wankewa a mayar.

Baƙin mai. Injin da ya daɗe a karkace, mai yakan taru a gefe guda, ɗaya gefen ya bushe, inji ya buga. Wannan ma dalili ne na kiyaye awon da muka ba ka a sama.

Marfin bel da na wuƙaƙe. Kada ka karɓi injin da bel ɗinsa yake tsirara. Babbar riga da rawani da zanen mace, duk bel yana fizga.

Ƙarfen jiki. Ka durƙusa ka duba walda da kaurin ƙarfe, musamman inda hannuwa suka haɗu da jiki da inda ake ɗaura garma. Ka duba ƙasa ko mai yana ɗiga.

Kayan gyara. Wannan ya fi duk sauran. Kafin ka biya, ka rubuta sunan injin da lambarsa, ka shiga kasuwa a Sakkwato ka tambayi bel, da nozul, da zoben fistin, da wuƙaƙen kaftu. In sai an aika Kano ko Legas, ka sani ranar da abu ya karye a tsakiyar shuka, mako guda ya tafi. Ka kuma tambayi makanikin garinku ko ya san cikinsa. Inji mai matsakaicin kyau da ake samun kayansa a kusa ya fi mai suna wanda ba shi da ɗan'uwa a jiha.

Takardu. Ka karɓi rasit, da littafin injin, da alkawarin gyara a rubuce. Akwai cibiyar gwamnatin tarayya a Ilori da ke gwada injunan noma. Ka tambayi mai sayarwa ko an gwada irin nasa a can.

Gwaji. Gani ya kori ji. Ka ce a tashi injin da safe yana sanyi, a gabanka. In na hannu ne, ka lura da hayaƙi: shuɗi alamar yana ƙona baƙin mai, baƙi ƙirin da ba ya yankewa alamar nozul ko matata. In da hali, a kai shi gonarka ya yi awa guda.

5. LISSAFI KAFIN SAYE

Taraktar hannu mai wuƙaƙen da faɗinsu ya kai santimita 60, in tana tafiyar kilomita 2 a awa, ka cire lokacin juyawa, za ta gama kadada guda, wato eka biyu da rabi, cikin awa 10 ko kusa da haka. A gangare da ƙananan fangali ta fi haka daɗewa.

To, in gonarka kadada 2 ce, aikinta awa 20 ne. Ko ka yi damina ka yi rani, awa 40 ke nan a shekara. Sauran kwanakin fa? Inji yana zaune, kuɗinka yana barci. Don haka kada ka saya sai ka san inda zai sami aiki: kaftun gonakin maƙwabta a kan kuɗi, jan taki zuwa gona, kwaso albasa zuwa bakin hanya, ban ruwa, sussuka.

Hanya mafi sauƙi ita ce ƙungiya. Mutum biyar zuwa goma ku haɗu. Ku naɗa direba guda, ko biyu, kada kowa ya riƙa tuƙi. Ku sayi littafi ku riƙa rubuta awa da mai da kuɗin da ya shigo. Daga kowane aiki ku ware kason gyara kafin a raba komai. Ku yi ƙuri'ar wanda za a fara yi wa aiki tun kafin ruwa ya sauka, don kada zumunci ya ɓaci ranar shuka.

6. TUƘI A KAN GANGARE

Taraktar hannu

(a) Ka zaɓi giya tun kana wuri shimfiɗaɗɗe. Kada ka canza giya, kada ka ja babban kuloci a tsakiyar gangare.

(b) Ka yi aiki a gicciye, kana bin gefen tudu. Kada ka tsaya ta ƙasan inji. In ya faɗi, ta can zai faɗi.

(c) Ka riƙe wannan da kyau. A hannuwan injin akwai ƙananan kuloci biyu na juyawa. A fili, in ka matsa na hagu, tayar hagu ta daina ja, inji ya juya hagu. Amma in kana gangarawa, abin juyewa yake yi. Tayar da ka saki, nauyi ne zai tura ta, ta fi ɗayar gudu, sai ka matsa hagu inji ya yi dama. Wanda bai san wannan ba sai ya tsinci kansa cikin rami da kaya. In kana gangarawa, kada ka taɓa su. Ka rage wuta, ka karkata injin da ƙarfin hannunka.

(d) Kafin ka sa giyar baya, ka kashe wuƙaƙe, ka duba bayanka. Hannuwan injin sukan ɗaga sama in ya ja baya, su matse mutum da itace ko bango.

(e) Ka rage kayan tirela in hanya tana da gangare. Gara sawu biyu lafiya da sawu guda a asibiti. Kada a ɗora yara a kan kaya.

Babbar tarakta

Ko ba kai ke tuƙi ba, gonarka ce, kana da ikon magana.

(a) Direba ya zagaya gonar da ƙafa tukuna. Ka nuna masa kututture da gidan gara da tsohuwar rijiya da ramin da ciyawa ta rufe. Ka kafa musu sanda.

(b) Ya nisanci bakin kwazazzabo da gaɓar gulbi, aƙalla gwargwadon zurfinsu. In zurfin mita 2 ne, ya bar mita 2 ko fiye. Gaɓar da ambaliya ta ci ta ƙasa, daga sama lafiya take, sai nauyi ya hau ta rufta.

(c) In zai hau ko zai sauka daga tudu mai tsanani a kan hanyarsa, ya miƙe sak, cikin ƙaramar giya. Kada ya juya a tsakiya, kada ya sake giya don tsimin mai.

(d) A kan hanya ya haɗe birkin hagu da na dama wuri guda.

(e) In za a ja kaya ko a ciro abin da ya kafe, a ɗaura sarƙa a ƙarfen ja na ƙasa. In an ɗaura sama da gindin taya, tarakta takan ɗaga gaba ta kife ta baya kafin direba ya kai ƙafa kan kuloci.

(f) Ƙarfen kariya da ke bisa kan direba, kada a cire shi don a shiga ƙarƙashin itace. In yana nan, direba ya ɗaura bel ɗin kujera.

(g) Kujera guda ce, mutum guda ne. Ba a goyo a kan tarakta.

7. KADA INJI YA CINYE MAKA ƘASA

Ga inda ake samun saɓani. Direban haya ya fi son ya bi gangare, ya hau ya sauka, don ya fi masa sauri da kwanciyar hankali. Amma kunyar da ta bi gangare hanyar ruwa ce. Ruwan watan Agusta guda zai kwashe taki da ƙasar sama ya kai fadamar wani, ya bar maka tsakuwa. Bayan 'yan shekaru kwarin kunya ya zama kwazazzabo.

Ƙa'idar ita ce: kunya ta gitta gangare. In tarakta ba za ta iya gittawa lafiya ba, to wurin ba nata ba ne. Ka sallame ta ta yi maka shimfiɗaɗɗen ɓangaren, ka kawo shanu ko galma su yi sauran.

Ka taimaki kunyar da jerin duwatsu a gicciye, tun da tsakuwa da marmara ba su da wuya a wurin. Ka dasa gamba ko jema a bayan jerin. Suna tare ƙasa, ka kuma sami abin zana da na dabbobi. A jigawa kuwa, kada ka yawaita kaftu da wuƙaƙe masu juyawa. Suna mai da ƙasa gari, iskar farkon damina ta kwashe ta, ta binne maka shuka. Wuƙaƙe na lakar fadama ne, garma ta tudu ce.

8. KULA DA INJI

Kullum kafin aiki: ka duba baƙin mai inji yana tsaye daidai, ka duba ruwa, ka ɗaure notin da ya saki, ka taɓa bel ka ji ƙarfinsa.

Kullum bayan aiki: ka kashe inji, ka cire ciyawa da laka daga wuƙaƙe. Lokacin ƙura ka wanke matatar iska kowace rana.

Sabon inji: kada ka ba shi aiki mai nauyi a kwanakin farko. Ka juye baƙin mai na fari da wuri, yadda littafinsa ya ce, daga nan kuma kimanin kowace awa 100.

Man gas: ka saya inda ka amince, ka bar shi ya kwanta a jarka, ka tace da tsabtataccen ƙyalle. Ruwa da datti su ke kashe nozul.

Ƙarshen aiki: ka wanke shi, ka shafa giris, ka ajiye a inuwa, ka ɗora shi a kan itace don taya ta huta. Gyaran da yake bukata ka yi shi da rani, kada ka jira sai hadari ya haɗu.

KA TUNA

Auna gangare kafin ka zaɓi inji.
Tambayi kayan gyara kafin ka biya kuɗi.
Kunya ta gitta gangare.
In kana gangarawa, kada ka taɓa kulocin juyawa.
Inda inji ba zai je lafiya ba, shanu da galma suna nan.

In kana son a taya ka auna gonarka, ko a raka ku duba inji kafin ku saya, ka nemi malamin gona na yankinku, ko ka je sashen aikin gona a sakatariyar ƙaramar hukumarku, a Rabah ko Wurno ko Goronyo. Ka zo da sunan injin da lambarsa da awon gonarka.

Allah Ya ba mu damina mai albarka, Ya tsare mu da dukiyarmu. Amin.